Tukunyar kokot bayan wata tara: abin da ta iya da abin da ta kasa

Tun ranar da na sa hoton langaɓun nan a status mata ke ta tambayata wai da gaske ne cikin minti 50 ƙafar sa ta nuna har tana zamewa daga ƙashi, wasu ma cewa suke ƙarya nike, tun asuba na ɗora. To wallahi bayan la'asar na ɗora kuma kahin a kira magariba mun sauke. Tukunyar kokot ce ta yi aikin, wadda mutanen Najeriya ke ce ma presha kuka, yau wata tara ke nan ina dahuwa da ita, don haka bari in zauna in faɗa muku komi, daɗinta da haushinta, kowace ta san inda za ta sa kuɗɗinta.

Abin da ya kai ni saye ba gayu ba ne, gaz ne. Mu bakwai ne a gida, ni da maigida da ɗiya huɗu da Inna, mahaihiyarshi, kuma gidanmu gidan cin wake ne, in sati ya wuce ba a yi shinkafa da wake da mai da yaji sau ukku ba sai yara sun fara tambaya ko lahiya. Wake kuwa kun san halinshi, in tsoho ne wanda ya daɗe a buhu sai ya ci awa ɗaya da rabi bisa wuta yana kallonki. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011 gaz ya shigo gidaje da yawa a garin ga na Maradi, ƙaramar kwalba mai kilo 6 farashinta na hukuma sefa 1.800, wato jika da dala ɗari da sittin, ba tsada in an gwada da icce, amma duk mai girki ta san ranar da gaz ya yi wuya, ki hau kabu-kabu da kwalba a cinya ki zagaye Sabon Gari ki zagaye Zariya kowa na ce miki sai gobe. Iccen da ake kawowa daga wajen Baban Rafi shi ma kullum ƙara kuɗɗi yake, na dala ɗari yanzu ba ya kai ki ko'ina. Sai na koma wake a gawayi miya a gaz, ina kai da kawo tsakanin wuta biyu kamar mai tuyar ƙosai ranar kasuwa.

Wata Litinin na shiga babbar kasuwa, kuma kuskure na yi, Litinin da Juma'a su ne ranakun cin kasuwar Maradi, ga mutanen ƙauye ga amalanke ga masu moto, da ƙyar na kai layin masu kwanoni. Ba zan faɗi sunan shagon ba don akwai abin da ya haɗa mu daga baya, za ku ji. Iri ukku ya hiddo min. Akwai ta alminiyam mai ƙarhe gicciye bisa marhi da abin murɗawa a tsakiya, akwai ta inoks, ƙarhen da ba ya tsatsa, mai ƙyalli da ake ruhewa da hannu ɗaya ta ce ƙas, sai wata 'yar ƙarama irin ta Indiya mai hito, wadda ko waken mutum ukku ba za ta ɗauka ba. Ta inoks ɗin ta shiga raina ƙwarai amma da ya ce jika 48 sai na ji ta hita. Na koma kan ta alminiyam, ya ce jika 30, na ce haba Alhaji, tukunya ce fa ba firigo ba. Ya ce Hajiya ba laihina ba ne, tun da iyakar Benin ta ruhe a 2023 kaya ta Lome suke zagayowa su ratso Burkina, kowane kwali da kuɗɗin hanyarshi. Munka yi ta ja har munka tsaya jika 23, ya ɗora min da alkawali cewa duk ranar da robar marhi ta mutu in zo akwai ta canji. Ku riƙe wagga magana. Abu guda da zan yaba mishi, bai rantse min cewa ta Faransa ce ba, ya ce Hajiya asalin mai sunan ta kamfanin SEB ce kuma kuɗɗinta daban ne, wagga ta wani kamfani ce amma tana aiki.

Da na kawo gida Inna ta leƙa kwali ta ce mi ne ne wanga kuma, na ce tukunya ce Inna, ta ce tukunya da makulli? Takardar da ke ciki kuma Ingilishi ne da Larabci da rubutun Sin, babu Faransanci ko layi ɗaya, sai na kira ƙanena da ke koyarwa a lise ya zo ya duba min. Shi kuma kun san mushe, wato malamin boko, ba ya ba ki amsa sai ya haɗa miki da darasi. Ya ce Yaya, ruwa a tukunyar da kinka saba in ya kai digiri 100 ya tafasa shi ke nan, ko kin ƙara wuta ba ya ƙara zahi, tururi ne kawai ke tserewa da gaz ɗinki. Ita wagga tsare tururin take a ciki ya matse, sai ruwan ya haura har kusan digiri 120, wanga ɗan bambanci shi ke sa abin da ke cin awa ukku ya nuna awa guda ba ta cika ba. Har da ba ni tarihi, cewa wani Bafaranshe Denis Papin ya ƙirƙiro dabarar tun 1679, su SEB kuma sunka hiddo tasu ta gida a 1953. Na ce to mushe na gode, yanzu nuna min inda ake murɗawa. Amma ya yi min rana ɗaya, ya ɗauko gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi ya auna tukunyar, gora biyat da ɗan kaɗan ta cika har baki, ke nan ko lita 8 ba ta kai ba, alhali lita 9 anka rubuta ɓaro-ɓaro a kwali.

Ranar farko nama na dafa lahiya lau. Rana ta biyu ce ta kusa raba ni da Inna. Na auna wake rabin tiya, na zuba ruwa kusan baki, na jefa kanwa yadda na saba, na murɗe na koma wanke-wanke. Ba a jima ba sai na ji wani irin huci, kahin in juyo ruwan wake ja wur na hita ta ɗan ramin nan na supap, ɗan ƙarhen da ke juyawa bisa marhi yana hidda tururi, kamar an fasa tiyo, har saman kwanon kicin, bango duk ya yi zane. Inna na zaune bakin ƙofa tana gyaran zogale, wallahi ban san tana da sauran gudu haka ba, sai ga ta a zaure tana salati tana cewa ke 'yar nan hidda bam ɗin ga daga gidan ga. Ni ma jikina na ɓari na lallaɓa na kashe gaz na bar ta ta huce don kanta. Kuma laihina ne ba na tukunya ba. Wake abu ne mai kumfa, kanwa kuma ƙara mishi take, in kumfa ta taso ba ta da wurin zuwa sai ramin da tururi ke bi. Wake da duk abin da ke kumbura ko kumfa ba a wuce rabin tukunya da shi, nama kuma kashi biyu cikin ukku, iyaka ke nan. Kanwar ma ta bar min cikin tukunya baƙi-baƙi don alminiyam ba ya shiri da ita, sai da na tafasa ruwan lemun tsami a ciki ya washe. Tun ran nan ban sake sa mata kanwa ba, ba ta ma bukata.

Yanzu ga yadda nike yin waken. In wanke, in ba shi tafasa ɗaya tukunya a buɗe in zubda ruwan, don ni ban yarda da waken kasuwa ba, ba ki san irin maganin da anka sa mishi a ajiya ba. Sai sabon ruwa da ya sha kanshi da kamar yatsa biyu, cokali ɗaya na man gyaɗa don ya kwantar da kumfa, in ruhe. Lissahi ba daga ɗorawa ake fara shi ba, daga lokacin da supap ya fara juyawa yana shii shii ne, kuma nan take ki rage wuta ƙasa sosai, ya dinga ɗan huci kaɗan kaɗan. Nan ne mata da yawa ke asara, su bar wuta a sama tukunya na ta ihu, abinci ba ya ƙara saurin nuna, gaz ne kawai ke ƙonewa ruwa na ƙarewa. Sabon wake minti 12 ya ishe shi, tsoho 18 zuwa 20, in kashe in bar ta ta sauka. In shinkafa da wake ne ina rage mishi minti biyat, in buɗe in zuba shinkafa in ƙarasa kamar a tukunyar kullum, marhin a ɗore kawai ba a murɗe ba. Kwalbar da ke yi min kwana 10 yanzu tana kai 15 wani lokaci 16, kuma na daina sayen gawayin wake ɗungum.

Rogo da dankali minti 8, babu wani labari a nan. Zogale ne sai da na ɓata sau biyu kahin in gane. Ɗanyen da ake kawo mana daga Jiratawa ganye ne mai taushi, na ba shi minti 15 ranar farko na buɗe na tarar da kamar miyar kuka, ba abin da za ki matse balle ki yi kwaɗo. Minti biyat ya ishe shi, busasshe kuma 10 zuwa 12, shi ma kar ya wuce rabi don ganye na iya tasowa ya liƙe ramin. In ya hito daidai ki matse ki zuba ƙuli-ƙuli da albasar Galmi da tonka da ɗan tumatir, ba mai gane ba a icce anka dafa ba.

Inda ta maida min kuɗɗina da gaske shi ne Layya. Kun san yadda muke yi, maza su gicciya raguna a itace su jera su kewaye da wuta a ƙofar gida suna hira suna shan shayi, kai da ƙafa kuma a turo mana cikin gida, mu babbake mu kankare mu wanke a sassara. Da can kan rago kwana yake bisa murhu, ki tashi tsakar dare ki ƙara icce ki ƙara ruwa, da sahe ido ya yi ja da hayaƙi. Bana kai biyu gare mu, na raba su zubi biyu, kowane minti 40 da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari, kahin maza su juya ragunansu karo na biyu na gama na yi wanka. Maƙwabciyata ta aiko ɗiyarta wai a ara mata, na ce ki ce ma mamarki ta aiko da kan in dafa mata, tukunyar ga ba a aronta, don na san abin da ya same ni da wake kuma ita ba ta da mushe a gida. Ƙafar sa minti 50 kamar yadda na ce, in babban sa ne ki cika awa. Tumbi da hanji minti 25. Tsohon zabo ko kazar gida irin wadda ta ga duniya minti 20 zuwa 25, naman jar akuyarmu ta Maradi kuwa 18 ya isa in ba tsohuwa ba ce. Kazar gona irin ta firigo kar ma ki soma, ƙashi za ki tarar daban nama daban. Kihin Madarunfa shi ma haka, ba abin da ya haɗa shi da wagga tukunya.

To amma ga gaskiyar da mai shago ba zai faɗa miki ba, kokot ba ta iya miya ba. Tana nunar da abu mai tauri, nan ta tsaya. Miya tana son a soya kayanta a buɗe har mai ya taso, tana son ruwa ya tsotse a hankali ta yi kauri, tana son ki ɗanɗana ki ƙara gishiri ki juya. Ita wagga in kin murɗe shi ke nan, ba ki gani ba ki ɗanɗanawa, ruwan da kinka zuba kusan shi za ki tarar, shi ya sa miyar farko da na yi a ciki ta hito tsararo, tattasai na yawo gehe mai na yawo gehe. Farfesun farko ma Inna ta kurɓa ta aje cokali ta ce ya nuna amma bai ji wuta ba. Na ji haushi ranar amma da na zauna na ɗanɗana da kyau gaskiyarta ne, naman ya yi laushi, romon kuma kamar bai san da naman ba. Abin da nike yi yanzu, in naman ya nuna sai in buɗe, sannan in zuba daddawar batso da gabu da tattasan Diffa da na daka, in bar shi a buɗe bisa ƙaramar wuta minti 15 ya yi ta ɓararraka har romo ya kama jikinshi. In miyar tuwo ce in kwashe naman da romonshi in koma tsohuwar tukunyata. Kuka da guro da yoɗo, duk abin da ke da yauƙi ko kauri, ban taɓa ruhe su a ciki ba kuma ba zan gwada ba, toshe ramin za su yi. Tuwon hatsi kuwa ai ba a ma maganarshi, wa zai tuƙa tuwo ta cikin makulli. Dafa-duka na gwada sau ɗaya, ta caɓe ta zama kamar tuwon shinkafar da anka fasa tuƙawa, yara sunka ci don ba su da zaɓi.

Sai maganar roba. Wata na shida tururi ya fara hita ta gehen marhi, ruwa na ɗiga, supap ya ƙi juyawa, wake ya koma cin lokacinshi na da. Na cire robar na duba, ta saki ta yi tauri har da ɗan tsagewa. Na ce ai ba komi Alhaji ya yi alkawali. Zuwa na farko ya ce Hajiya sun ƙare mota na hanya. Zuwa na biyu motar ba ta iso ba. Zuwa na ukku ba ya nan, yaronshi ya hiddo min wata da ta hi tawa girma ya ce Hajiya ki yanke ki haɗa da gam. Na dube shi na ce kai yaro, so kake a yi zaman makoki a gidanmu? Kuɗɗin kabu-kabun da na kashe a zuwa ukkun nan ya kusa kuɗɗin robar kanta. Ƙarshe sai ƙanen maigida da ke bin hanyar Ɗan Isa yana shiga Kano na ba tsohuwar a leda, na auna mishi faɗin bakin tukunya santimita 24 na rubuta a takarda, ya samo min guda biyu. Sati biyat tukunya na aje tana shan ƙura saboda ɗan zoben roba. Don haka in za ki saya, ranar da kinka biya kuɗɗin tukunya ranar za ki karɓi roba ta biyu, ki sa a gwada ta a marhin a gabanki, in ya ce babu yanzu sai an kawo to ki tahi wani shago. Kuma in kin gama girki ki cire ta ki wanke daban, kar ki aje tukunya a murɗe, ki kihe marhin bisa kawai, in ba haka ba robar na saurin mutuwa kuma warin daddawa ba ya barinta.

Ƙananan abubuwan haushi akwai su. Bis ɗin da ke riƙe hannunta ɗaya kullum kwancewa yake, har na aje turnabis a cikin cokula. Ƙasanta ba shi da kauri sosai, in ruwa ya yi kaɗan tana kamu da wuri, ban taɓa sa ƙasa da babban kofi guda ba. Kuma in irin risho ɗin da ake ɗaurawa a kan ƙaramar kwalba gare ki, ki kula, tukunyar ga da nama da ruwa nauyi gare ta kuma tana can sama, ni sai na sa kwalbar a lungu inda ƙasa ta daidaita na hana yara shiga. Duk ɗorawa sai na ɗaga marhin na leƙa ramin ta hasken rana in ga a buɗe yake, in ba haka ba in zura tsinke. Buɗewa kuma ba a yi mata ƙarhi, in ana sauri in kai ta bakin rariya in zuba ruwan sanyi bisa marhi har hucin ya mutu, in ɗage supap in ji shiru, sannan in kwance.

Wa zan ce ta saya? Duk gidan da ake cin wake da kayan ciki da kai da ƙafa, da matan da ke aiki su taso da rana yara na jiran abinci, wallahi za ki ga amfaninta tun watan farko. In gidanku gidan mutum ashirin ne kuma tuwo da miyar kuka ne dare da rana, bar kuɗɗinki ki sai hatsi. In kuma da hali ki ɗauki ta inoks, ni da zan koma ranar Litinin ɗin nan da na ƙara haƙuri wata biyu na cika kuɗɗin, ko don kanwa da tsami ba su dame ta ba.

Inna har yau in tukunyar na huci ba ta shiga kicin, daga tsakar gida take ba da umarni. Amma ran Juma'ar da ta wuce ta dawo daga gaisuwa a Tibiri da busasshiyar gujiya ƙulle a leda, ta aje min a bakin ƙofa ta ce ke 'yar nan, jiƙa wagga, gobe ki sa min ita a bam ɗin naki, haƙorana ba su son mai tauri. Minti 35 na ba ta.